Waɗanda suka taɓa ratsa jihar Texas ta Amurka ta babbar hanyar I-10, yaya kuka sha?

Mai tambaya: Jama'a, wata mai zuwa zan tuƙa daga Houston zuwa El Paso ɗaurin aure. Maiɗakina ta ce mu hau jirgi, ni kuma na ce ai duk jiha ɗaya ce.

Direban tirela: Malam, ka saurari Hajiya. Hanyar nan ta shigo Texas ne daga garin Anthony, iyakar New Mexico, ta fita a Orange, bakin kogin Sabine. Kusan mil 880, wato sama da kilomita 1,400, ya ɗara Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba. Ranar da na fara shigowa ta Louisiana na ga allo ya ce El Paso mil 857, sai na ɗauka idona ne. Daga San Antonio zuwa Kerrville akwai duwatsu da kore, ka wuce Junction sai fili fetal. A can an yarda ka taka mil 80 a awa, amma barci ne abokin gaba. Kada ka bar Ozona ko Fort Stockton da rabin tanki.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ni ɓangaren Houston na sani, wanda ake kira Katy Freeway. An gama faɗaɗa shi a 2008, wani wurin layi 26 har da na gefe, amma ƙarfe biyar na yamma sai ka rantse Kurna kake. Lokacin guguwar Harvey a 2017 kuwa ruwa ya shanye hanyar, kwana biyu na yi a wurin aiki da kaya ɗaya a jikina.

Wani dattijo: Ɗana, kafin dokar gina manyan hanyoyi ta 1956, zamanin shugaban ƙasa Eisenhower, tsofaffin hanyoyi irin US 90 da US 80 ake bi, ta tsakiyar kowane gari. Ku yanzu kuna wuce garuruwan ta baya, ko gaisawa babu. Daf da Van Horn agogo ke canzawa, in ka nufi yamma ka samu rarar awa ɗaya. Mu mun yi sallar la'asar a wani wurin hutu, muna ta musun lokaci.

Direban tirela: Na manta, Baba ya tuna min. A dawowa akwai shingen jami'an kan iyaka kusa da Sierra Blanca. Ku riƙe takardunku a gaba, kada su shige ƙasan akwati. Ni na taɓa sauke kaya a rana saboda haka.

Mai tambaya: To, na gode. Hajiya tana karantawa ta bayan kafaɗata, har ta fara duba kuɗin tikiti.