Girinhawus: wa zai ba mu Hausarsa kafin Alhamis?

Ɗan Rediyo: Salamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis da yamma zan gabatar da shirin manoma, kuma takardar da aka ba ni in fassara kan rainon irin tumatir da tattasai ce a cikin girinhawus. Masu saurarona mutanen Kura ne da Bunkure da Garun Malam. Na rubuta "koren gida", da na karanta da ƙarfi ni kaina sai da na yi dariya. A taimaka.

Na Kadawa: Koren gida ai sai a zaci tallar fenti kake. Mu nan gidan leda muke cewa, kowa ya gane.

Malamin Firamare: Gidan gilashi fa? Haka na taɓa koya wa yara.

Malamar Gona: Malam, gilashin na Holan ne. Su sanyi ke kashe musu shuka, sai su rufe ta don zafi ya taru. Mu zafin muke gudu. Tumatir idan rana ta haura digiri 35 fure yake zubarwa, shi ya sa ake shan wuyarsa da bazara. Namu ginin leda ce a sama, raga a gefe, iska na ratsawa, farin ƙuda da ke kawo ciwon nannaɗewar ganye ba ya samun ƙofa. Wanda ya ga abin da tsutsar sharon ta yi wa gonakin tumatir a 2016 ya san amfanin ragar nan. Ni dai "rumfar raino" nake cewa in na fita ƙauye.

Sarkin Nahawu: Allah ya ba ku haƙuri, duk kun kauce. Leda aro ce, gilashi aro ne. Kalmar da ta dace ita ce LAMBUN ƊAKA. Aikin kuma noman ɗaka. Gajeriya, Bahaushiya tsantsa, ga daɗin faɗa. Na daɗe ina amfani da ita.

Na Kadawa: Allah gafarta Malam, ɗaka ai mata aka sani da ita. Manomi ya ce "na shiga ɗaka ban-ruwa"?

Sarkin Nahawu: To me ya hana? Da aka ce yanar gizo ba dariya aka yi ba? Yau ga shi har tsofaffi na faɗa. Haka na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ragwanci ne ke sa mu kwaso Turanci mu shafa masa wasali mu ce Hausa ce.

Bahaɗeje: Ranka ya daɗe, tumatir ɗin da za a shuka a lambun ɗakan naka, kakan wa ya raɗa masa suna? Kuma na'ura Larabci ce. Sannan je ka shagon masu buga takardu ka ji ko akwai mai cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kwamfuta suke cewa.

Sarkin Nahawu: Aron da ya kwana ya tashi a bakin kakanni daban, na jiya da yamma daban. Kuma da Hausar Haɗeja za a yi mini gyara? Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta.

Bahaɗeje: Kanancin da ake cewa "zan yi brancin a gidan su Ummi"? Mu dai tattasan da kuke miya da shi daga fadamarmu ake lodinsa.

Malamin Firamare: Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma a Zariya aka fara buga ta a 1939, ba a Kano ba. A bar wannan zancen.

Ɗan Rediyo: Don Allah iyayena, Alhamis fa jibi ce.

Tsohon Ɗan Jarida: Ɗana, bari in faɗi abin da ke damuna da noman ɗaka. Na sha fassara labaran ƙetare, kuma mafi yawan inda na gamu da "shuka a cikin ɗaki" labarin tabar wiwi ne: ɗaki a rufe, fitilu a kunne maimakon rana, fanka na juyawa. A Kanada tun 2018 doka ta halatta ta, a nan kuwa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ce za ta ƙwanƙwasa maka ƙofa. Idan ka ce a rediyo "ku zo a koya muku noman ɗaka", samari za su kashe wa juna ido. Abin da ake nomawa a ɗaka, a kunnen Bahaushe, abin ɓoyo ne.

Sarkin Nahawu: Alhaji, wannan ai mugun zato ne. Don ɓatagari sun yi abu a ɗaki sai a haramta kalmar ɗaki?

Malamar Gona: Baba, ko an ajiye zancen wiwi, kalmar za ta ɓatar da mai koyo. Da ka ce ɗaka, sai mutum ya kai tiren irinsa cikin soro inda babu rana. Kwana kaɗan iri ya yi zalalo, dogo siriri fari-fari, ya faɗi. Tumatir na son rana ta awa shida zuwa takwas a yini. Matsala ta biyu ruwa: sabon shiga yana ganin ƙauna ce ya yi ta kwarara, sai gindin ya ruɓe daidai bakin ƙasa. Da safe ake ba shi, kuma sai ka tsoma yatsa ka ji saman ya sha iska. Ƙasar ma ba ta gona ake ɗiba ba, ɓawon kwakwa da aka niƙa ake sawa, ko buntun shinkafa da aka babbaka a gauraya da taki ruɓaɓɓe. Bayan kamar mako huɗu a riƙa rage ruwa ana fito da shi yana sabawa da rana kafin dashe. Duk wannan raino ne, kuma a rumfa, inda iska ke shiga ta fita.

Na Kadawa: Hajiya ta yi gaskiya. Amma akwai masu barin tumatir a ciki har ya nuna, suna ɗaure shi da igiya yana hawa, har girgiza shi suke don fure ya kama tunda ƙudan zuma ba ya shiga. Wannan ya wuce raino.

Bahaɗeje: To a raba mana. Ta iri rumfar raino, babbar rumfar noma.

Malamin Firamare: Rumfar shuka ta haɗe duka biyun.

Sarkin Nahawu: Rumfa ta kasuwa ce da 'yan shayi. Ginin da aka kashe wa miliyoyi ku kira shi rumfa? Ku kai maganar Cibiyar Nazarin Harsuna ta Jami'ar Bayero ku ji wanda za a bai wa gaskiya.

Ɗan Rediyo: Malam, kafin su zauna an gama dashe. Ga abin da na rubuta, a duba min: "Rumfar shuka, wadda wasu ke kira gidan leda, ko girinhawus a Turance, wuri ne da aka rufe samansa da leda, gefensa da raga." Daga nan sai in ci gaba da rumfar shuka kawai.

Tsohon Ɗan Jarida: Ya yi. Ka faɗi Turancin sau ɗaya tak, don in sun je sayen kaya su san abin da za su tambaya.

Na Kadawa: Ka faɗi abin da ka ga dama, Yaya. Ranar Juma'a in mun haɗu a bakin kanal gidan leda za mu ce.

Sarkin Nahawu: Ban yarda ba, amma ba zan hana ka aikinka ba. Ka dai ambaci lambun ɗaka ko sau ɗaya ne, a bar masu sauraro su zaɓa.

Ɗan Rediyo: In lokaci ya isa, Malam. Saura ɗaya: tiren nan mai ramuka da ake zuba iri a ciki, faranti zan ce ko in bar shi tire?

Sarkin Nahawu: Kasko.

Malamar Gona: Na roba ne fa, Baba.