Abin da aka tattara kan ƙarancin wuri a kicin

1. Kusan duk wanda ya ba da shawara ya ce a yi amfani da bango: kanta daga sama, ƙusoshi na rataye ludayi, muciya da matankaɗi.
2. Tukwane a jera ƙarama cikin babba.
3. Gari, shinkafa da wake a juye su cikin bokiti mai murfi, a ɗora kan katako saboda danshin damina da ɓera. Kuka da daddawa, kwalba.

Inda aka rabu shi ne sayen buhu. Wasu matan Gombe sun ce a sari hatsi a kasuwar Tudun Hatsi lokacin kaka, kafin ya yi tsada. Wasu suka ce mai ɗaki ɗaya ta tsaya a mudu, don wake ba ya jimawa ƙwari ke shiga. Ni dai na fi karkata ga na biyun.