Neman kalmar Hausa: me za mu kira diƙƙa da dabɗi a darasin awo?

Mai tambaya, Makka

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon 'yan uwa kafin ranar Asabar. Akwai yara goma sha ɗaya a unguwarmu ta Shara Mansur da za su fara karatun fiziya a ajin farko na sanawi, wato sakandare, kuma iyayensu sun roƙe ni in riƙa yi musu bitar lissafi da awo bayan La'asar. Da Larabci suke karatu a makaranta, amma na lura sai na maimaita musu abu da Hausar gida yake zama a kansu. Mun wuce juya kilomita zuwa mita, da rubuta manyan lambobi da goma-goma, da juya lissafi don fitar da abin da ake nema, duk ba mu sha wuya ba. Inda na maƙale shi ne kalmomin Larabci biyu da darasin awo ya raba su, wato diƙƙa da dabɗi. Dabɗi shi ne kusancin abin da ka auna da ainihin gaskiyarsa. Diƙƙa kuwa ta shafi ƙanƙantar abin da ma'auninka yake iya rarrabewa, da yadda sakamakonka yake fitowa kusa da juna idan ka maimaita awon. Duk yadda na juya, "daidai" ce take zo mini a baki a wuri biyun, alhali darasin gaba ɗaya an gina shi ne a kan cewa ba abu ɗaya ba ne.

Malamar lissafi, Jidda

Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin a ba dabɗi "dacewar awo", domin idan muka ce mutum ya dace, muna nufin ya faɗa a kan abin da ake nema. Diƙƙa kuma a kira ta "kaifin awo". Rular da take da zanen milimita ta fi wadda take da zanen santimita kaɗai kaifi, ita kuma maikuromita, wadda take rarrabe kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ta fi su duka. Kafin ka ba su kalmar, ka kawo musu dutsen awo na kilo ɗaya, ka ce an ɗora shi sau uku a kan sikeli biyu. Na farko ya nuna giram 950, da 951, da 950. Na biyu ya nuna 990, da 1012, da 998, waɗanda matsakaicinsu 1000 ne. Na farkon bakinsa ɗaya amma ya kauce wa gaskiya da giram hamsin, na biyun kuwa maganarsa tana rawa amma a kan gaskiya take rawar.

Ɗalibin injiniya, Dammam

Anti, misalin ya yi kyau ƙwarai, sai dai shi ne ya nuna mini raunin kalmar. Abin da sikeli na farko yake da shi ba kaifi ba ne, jituwa ce tsakanin sakamakonsa. Kaifi sifar kayan aiki ce, jituwa kuwa sifar lambobin da aka samu ce. Ni da "jituwar awo" zan tafi.

Tsohon mai fassara, Riyad

Allah ya yi muku albarka, amma dukkanku kuna haɗa kalmomi biyu-biyu ne, alhali ilimi yana son kalma guda wadda za a iya sarrafa ta. Na shafe shekaru ina fassara, kuma na san wahalar jan "kaifin awo" a cikin jimla sau goma a shafi ɗaya. Hausa tana da "cif", kamar a "ƙarfe goma cif" ko "riyal ɗari cif". Na daɗe da ƙirƙirar "cifanci" domin wannan ma'ana, aikatau ɗinta kuma "cifanta": ya cifanta awonsa, awo cifantacce. Kada wani ya ce ba a gina suna daga irin wannan kalma, domin daga "daidai" aka samu daidaita da daidaito, kuma babu wanda ya yi ƙorafi.

Malamar lissafi, Jidda

Baba, da girmamawa, "cif" ta fi kusa da dabɗi, ba diƙƙa ba. Wanda ya ce ƙarfe goma cif yana nufin agogo ya faɗa a kan goman, bai gota ba. Ga shi kuma ɗafin "-anci" ya fi zuwa da sunan harshe ko ɗabi'ar wasu mutane, kamar Turanci da shashanci, sannan kunnen Bahaushe ya riga ya san wani cif ɗin a Cif Joji. Ina tsoron yaro zai ji cifanci ya ɗauka halin manya ake nufi.

Dattijo, Madina

Ni dai ban ga abin da ya kai mu ga wannan wahala ba. Yaran nan da Larabci za su rubuta jarrabawa, kuma Hausa ba yau ta fara aro daga Larabci ba. Shi kansa mudu daga muddi ya fito, haka hisabi, haka mizani, haka sifili. A ce diƙƙa, a ce labɗi kamar yadda malamanmu na zaure za su furta harafin farko na dabɗi, yadda damiri ya zama lamiri, darura ta zama larura. Kalmar da aka yi shekaru aru-aru ana rubuta ilimi da ita ta fi wadda aka ƙaga daren jiya daraja.

Ɗalibin injiniya, Dammam

Allah ya gafarta Malam, aron da ya shiga harshe tun kakanni daban yake da wanda za a ɗora wa yaro yau ba tare da ya san abin da ke cikinsa ba. Ga hujja daga tushen diƙƙa ɗin kanta. Daƙiƙa daga nan ta fito, kuma a Larabci minti take nufi, amma Hausawa da yawa, har a gidajen rediyo, sakan suke nufi da ita. Ƙanena ya taɓa ninka amsarsa sau sittin a aikin gida saboda wannan ruɗani, domin ya tambayi mahaifiyarmu da Hausa, ya rubuta da Larabci. Kalmar Larabci ta sakan kuma, yadda mutanen Hijaz suke furta ta, tana faɗowa kusa da saniya a kunnenmu, shi ya sa Malam mai tambaya zai fi samun sauƙi idan ya tsaya a kan sakan da minti. Sannan wani abokin karatuna da ya yi sakandare a Sudan ya gaya mini malaminsu diƙƙa yake cewa a wuri biyun. Idan masu harshen ma ba su tsaya a kan rabo ɗaya ba, aron ba zai raba mana gardama ba.

Tsohon mai fassara, Riyad

A nan na goyi bayan yaron nan. Abin da yake damuna shi ne yadda Hausar 'ya'yanmu na nan ta cika da Larabci har idan suka je Kano ko Zinder ana yi musu kallon baƙi. Kullum muna aro, kamar harshen da mutum miliyoyi suke magana da shi ba zai iya haifar kalma ɗaya ta kimiyya ba. Shi ya sa nake nacewa a kan cifanci. Idan ɗafin ne matsala, a ce "ciftaka".

Dattijo, Madina

Alhaji, Hausar mutanen Makka da Madina ba gurɓatacciya ba ce. Kakanninmu da ƙafa suka ratso Chadi da Sudan suka zo, wasu sun yi shekaru a hanya, kuma sun riƙe harshen nan a inda babu makarantar da take koyar da shi. Ba sai an zo daga Kano an ba mu izinin yadda za mu yi magana ba. Wanda ya ce mu bar Larabci a garin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nemi abin da ba zai samu ba.

Tsohon mai fassara, Riyad

Ban ce a bar Larabci ba, Malam, kuma ban raina kowa ba. Cewa na yi harshen da ba ya ƙirƙira a hankali yake komawa harshen kicin da gaisuwa.

Mai tambaya, Makka

Iyayena, ina roƙon a dawo kan awo, domin Asabar tana matsowa. Jiya na gwada wani abu da yara uku daga cikinsu. Na ɗauko mudun da muke auna shinkafa da shi a gida, wanda gindinsa ya lotsa ciki tun da ya faɗi daga kan kanta. Na sa kowannensu ya cika shi ya share bakinsa, muka juye a sikelin kicin, sau uku nauyin yana fitowa kusan ɗaya. Sai na tambaye su ko wanda ya sayi shinkafa da wannan mudu ya samu haƙƙinsa. Wata yarinya ta ce a'a, mudun ba ya saɓa wa kansa amma yana tauye mai saye. Ban koya mata ba, ita ta faɗa, kuma wannan ita ce ma'anar da nake ta nema. Daga nan na ba su labarin cewa daga 1889 har zuwa 20 ga Mayu 2019, kilogiram na duniya wani curin ƙarfe ne da aka adana a Sebur kusa da Faris, wanda ake gwada sauran duwatsun awo da shi, kafin a mayar da ma'anarsa kan wani adadi na halitta da ba ya canzawa. Sun gane nan take cewa dacewa tana bukatar abin da za a gwada da shi daga waje, jituwa kuwa tsakaninka da ma'auninka ne.

Malamar lissafi, Jidda

To, maganar yarinyar ta ƙarfafa jituwa, na yarda. Amma kada a jefar da kaifi, domin za ka bukace shi a darasi na gaba. Idan yaro ya rubuta santimita 12.3, wani ya rubuta 12.30, ba abu ɗaya suka faɗa ba, na biyun yana da'awar cewa ma'auninsa ya ga gida na biyu bayan ɗigo. Haka idan suka raba mita 10.0 da sakan 3.0, kalkuleta za ta jero musu uku-uku har ƙarshen allo, alhali 3.3 kaɗai awon ya ba su ikon rubutawa. Da kalmar kaifi nake hana ɗalibaina wannan kwafe-kwafen, ina ce musu amsa ba ta fin ma'auninta kaifi. Jituwa ba za ta yi wannan aikin ba.

Ɗalibin injiniya, Dammam

Ke nan kalma ɗaya ta Larabci ta zama biyu a Hausa. Ni ban ga aibi a ciki ba, tunda abubuwa biyu ne dama aka cusa a cikinta.

Tsohon mai fassara, Riyad

Aibin shi ne ranar jarrabawa yaro zai ga diƙƙa ya tsaya yana tunanin wacce daga ciki ake nufi. Da kun karɓi kalma guda da ba a shiga wannan ba. Amma tunda kun taru a kan dacewar awo, ba zan ja ba, tana da ma'ana. A ɗaya ɓangaren ina nan a kan bakana, kuma zan ci gaba da rubuta cifanci a fassarata.

Mai tambaya, Makka

Na gode, Baba. Ga abin da zan rubuta a allo ranar Asabar. Dabɗi: dacewar awo. Diƙƙa: kaifin awo idan ana maganar ma'auni, jituwar awo idan ana maganar sakamakon da aka maimaita. Zan rubuta kalmar Larabci a gefen kowacce da harafinta, saboda abin da Malam na Madina ya faɗa game da jarrabawa gaskiya ne. Saura lambobin nan da Malama ta taɓo, waɗanda ake kira arƙam ma'anawiyya. Na rubuta "lambobi masu ma'ana" na goge, domin yaro zai tambaye ni ko sauran ba su da ma'ana ne.

Dattijo, Madina

Tunda za ka rubuta Larabcin a gefe, ba ni da ta cewa, ko da yake har yanzu ina ganin kun ɗora wa yaran kalmomi uku a inda biyu suka isa. Game da lambobin, ka gwada "lambobin da awo ya tabbatar", sai dai ka sani na ƙarshensu kintace ne, ba tabbas ba. Ka kawo mana abin da yaran suka ce bayan darasin.