Shekara nawa irin ciyawa ke yi a ƙasar gonar alkama?

Masana sun ce amsar ta danganta da nau'in ciyawar da kuma zurfin da irin yake. Dangin haki, masu kama da alkamar kanta, ba sa daɗewa: baƙar ciyawar da ta addabi manoman Ingila, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na irinta da aka binne kan mutu kowace shekara. Masu faɗin ganye da ƙananan 'ya'ya masu tauri su ne 'yan naci. A gwajin da masanin tsirrai William Beal ya fara a Michigan ta Amurka a 1879, irin fasa-ƙabba ya tsiro bayan shekara 40 a binne.

Don haka, ga dangin haki, garma mai zurfi tana amfani ne in an yi ta sau ɗaya, aka bar ƙasar shekara uku ko huɗu ba a sake juya ta ba. Mai juyawa duk shekara, abin da ya binne bara yake tonowa. Irin da aka bari a sama kuwa, tsuntsaye da tururuwa da zafin rana na rage shi.

Ga masu noman rani kamar na Kadawa a jihar Kano: a yi ban ruwa mako biyu kafin shuka, ciyawa ta tsiro, a kashe ta da noma sama-sama, kada zurfinsa ya wuce santimita 5. A tankaɗe irin alkama, a share bakin magudanar ruwa, a cire ciyawa tun ba ta yi 'ya'ya ba. Aya-aya kam, ba irin ne matsalarta ba, ƙwayar da ke cikin ƙasa ce.