Kwamfutata tana ɗaukewa da kanta, wani lokacin ma ta ƙi tashi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Ina da kwamfutar tebur da ta kwana biyu, Core i5 ce da ram 8GB, Windows 10 a kai. Kwanan nan sai ina tsaka da aiki ta ɗauke ɗif kamar an zare mata waya, ba shuɗin sikirin nan na kuskuren Windows ba komai. Da safe kuma in na danna makunni fanka ta ɗan juya ta tsaya, sai na yi ta maimaitawa kafin ta tashi. Duk aikina na ciki wlh hankalina ya tashi. Wani ya ce in sake sa Windows, ko hakan zai yi?

Wata 'yar uwa:
Wa alaikumus salam. Malam kafin komai, yau ɗin nan in ta tashi ka kwashe fayilolinka ka kai filash ko wani had disk ɗin, ɗaukewar nan tana iya lalata maka su. Gyara ya biyo baya.

Injiniya:
Kada ka wahalar da kanka da sake Windows. Tunda tana ƙin tashi tun kafin sikirin ya nuna komai to matsalar ba ta nan, a kayan ciki take. Ni abin da na fi zargi fawa sufulai ne, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, alamominka biyu duk can suka nuna: kapasitocin cikinta, ƙananan kayan da ke tara wuta, in sun tsufa sukan kumbura su kasa riƙe wuta, shi ya sa da safe tana sanyi take wahalar tashi, in kuma aiki ya yi nauyi ta ɗauke. In kana da mitar gwada wuta ka auna layin 12V, wayar nan mai ruwan ɗorawa, ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Amma mita ma ba kullum take kama laifin ba don sai an ɗora mata nauyi yake fitowa, abin da ya fi shi ne ka ari wata mai lafiya ka gwada. Kuma dan girman Allah kada ka buɗe akwatin fawa sufulai ɗin da kanka, wuta na zama a ciki ko bayan an zare waya.

Wani ɗan uwa:
Ni dai zafi nake zargi injiniya. Yaushe rabon da a share ƙurar ciki? Malam ka sa manhajar HWMonitor mai nuna zafin kayan ciki ka duba, in zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na kaiwa digiri 90 ko sama da haka to mai yiwuwa ita ke kashe kanta don kar ta ƙone, sai a busa ƙurar a canza man da ake shafawa tsakaninta da ƙarfen sanyaya ta, ya bushe tuntuni.

Injiniya:
Gaskiya ne zafi na kashewa, amma me zai hana ta tashi da sassafe alhali ta kwana a kashe? Ya dai duba ɗin, ba asara. Ka haɗa da ram, ka kashe ka zare waya, ka ciro sandunan ram ɗin ka goge bakinsu da kilinar goge fensir ka mayar ɗaya bayan ɗaya kana kunnawa. In agogonta na komawa baya kuma batirin madabod ne, wato babban allon da kayan ciki ke haɗe a kai, ƙaramin batirin nan CR2032. Abu ɗaya dai za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka gane wanda ya yi maganin ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Fayiloli na kwashe. Zafin bai wuce 65 ba ko ina aiki, agogo ma daidai yake. Na ari fawa sufulai na sa, tun lokacin dannawa ɗaya take tashi kuma ba ta sake ɗaukewa ba. Injiniya wace iri zan saya?

Injiniya:
Alhamdulillah. Ka duba wat nawa aka rubuta a jikin tsohuwar, kar ka sayi ƙasa da haka, in ka samu mai tambarin 80 Plus, shaidar ba ta ɓarnar wuta sosai, ya fi. Ka kuma tabbatar filoginta ya yi daidai da madabod ɗinka, galibi mai haƙora 24 ne amma wasu kamfanonin nasu daban suke yi.