Zan sauka Winnipeg a watan Janairu, don Allah yaya ake yi da sanyin nan?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah biza ta fito, na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Manitoba da ke Winnipeg a Kanada, kuma zangon Janairu zan fara, wato dai tsakiyar sanyi zan faɗa. Tun da na fara duba yanayin garin a waya hankalina bai kwanta ba wlh, ko dusar ƙanƙara ban taɓa gani ido da ido ba. Hajiyarmu ta ce in je Ƙofar Wambai in kwaso jaket da barguna tun daga nan, wani abokina kuma ya ce asarar kuɗi ce in bari sai na isa. Wanne zan bi? Sannan alwala da sallar asuba fa yaya kuke yi? Waɗanda ke can ku taimaka min da shawara.

Na Pembina:
Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa albarka a karatun. Shekarata huɗu a garin nan kuma nima a Janairu na zo, don haka na san abin da ke ranka. Gaskiya ba zan ɓoye maka ba akwai sanyi, a Janairu digiri -20 a ma'aunin Celsius abin yau da kullum ne, wani satin ya wuce -30, in iska ta haɗu da shi jiki ya ji kamar -40. A irin wannan ranar fatar da ka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin 'yan mintuna, kunne da hanci da yatsu su ne ke fara shan wahala. Ranar da na fara fita gashin cikin hancina ne na ji ya ƙame, numfashina kuma ya zama farin ƙanƙara a gemuna. Amma ka kwantar da hankalinka, mutane fiye da dubu 700 ne ke zaune a garin, har jarirai ana fita da su, sirrin duk a sutura yake.

Hajiya da abokinka kowa da gaskiyarsa. Daga gida ka zo da suwaita biyu masu kauri da hular da ke rufe kunne da safar hannu da jaket guda ɗaya wadda za ta kai ka daga filin jirgi zuwa masauki, kuma ka sa su a jakar hannu ba a babban akwati ba. Bargo kuwa kar ka cika kilo da shi, ɗakuna a nan da ɗumi. Babbar jaket da takalmi ka bari sai ka zo, saboda na nan ana rubuta musu iya sanyin da za su ɗauka, ka nemi mai -30 wadda ta sauko har cinya kuma tana da hula a jikinta. In kuɗi sun yi kaɗan akwai shagunan gwanjo irin su Value Village, ba abin kunya ba ne, 'yan ƙasa ma can suke zuwa. Kuma a Janairu ana yawan rage farashin kayan sanyi.

Sutura hawa uku ake yi, ta ciki mai ɗame jiki riga da wando, sai suwaita, sai jaket a sama. Kar ka sa auduga a jikin fata, tana shan gumi ta jiƙe sai ta koma ita ke sanyaya ka, ulu ya fi. Takalmi kuma ka ɗan ƙara girma yadda safa mai kauri za ta shiga ba matsi, kuma ka juya ƙasansa ka ga yana da haƙora, don santsin ƙanƙara ya fi sanyin kayar da baƙo, ka riƙa taku ƙanana hannunka a waje ba cikin aljihu ba. Abu ɗaya da zai faranta maka rai, gine-ginen jami'ar da yawa an haɗa su da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, za ka iya fita daga aji zuwa laburare ba ka leƙa waje ba.

Maman Hanan:
Yaya Na Pembina ya gama maganar kaya, ni abin da zan ƙara wanda ba a cika faɗa ba shi ne duhu. A Disamba da farkon Janairu rana ba ta fitowa sai takwas ta wuce, wajen huɗu da rabi na yamma an yi magariba. Ka shiga aji da duhu ka fito da duhu. Shekarar farko na kulle kaina a ɗaki, daga bacci sai waya da gida sai kuka ba dalili, ban gane abin da ke damuna ba sai da na je asibitin makaranta likita ta auna jinina ta ce bitamin D ya yi ƙasa sosai, ashe mu masu baƙar fata mun fi fama da wannan in babu rana. Don haka ɗan uwa da ka zo ka tambayi likita ko mai kyamis a kan shan sa, kuma ko sanyi ya kai yaya ka fita da tsakar rana ko na minti 15 ne ka ga haske.

Man kaɗe kuma ka zo da shi da yawa, hita tana busar da iskar ɗaki fiye da hunturun gida, leɓe ya fashe, wani har haɓo yake yi. Ka zo da yaji da kuka da daddawa da citta da kanumfari, sai dai ka bayyana su a filin jirgi, kilishi kuwa kar ma ka ɗauko. Tuwo da miyar kuka mai zafi a daren -30 ba ƙaramin magani ba ne. Sannan don Allah don Annabi kar ka taɓa kunna gawayi a ɗaki kamar yadda ake ajiye kasko a gida, gidajen nan a toshe suke ruf, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin bacci.

Alwala ba matsala, ruwan zafi na zuwa a famfo, kawai ka goge jiki ya bushe sosai kafin ka fita. Lokutan ne ke matsewa, azahar da la'asar da magariba duk cikin kamar awa huɗu, sai ka tsara su da lakca. Ka tambayi malaminka hukuncin shafa a kan huffi kafin ka taso.

Bazazzagi:
Ni fa ban yarda a tsaya a maganar jurewa kawai ba, sanyin nan akwai daɗi a cikinsa in ka fita. Ka je The Forks inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu, ruwan kan daskare har a share hanya a kansa ta kilomitoci, mutane na zamiya da takalmin ƙarfe wasu na tafiya da ƙafa, ana ba da hayar takalmin a wurin. Ranar da na fara tsayawa a tsakiyar kogi, ƙanƙara baƙa wuluk a ƙarƙashin ƙafata da layukan tsagewa farare a cikinta, rana na haska ko'ina sama garau, sai da na ce subhanallah da ƙarfi. A Fabrairu kuma ana bikin Festival du Voyageur a unguwar Saint Boniface, ana sassaƙa manyan siffofi da dusar ƙanƙara, ana zuba ruwan zaƙin bishiyar mapul mai zafi a kan ƙanƙara a naɗe shi a tsinke kamar alewa. Wani daren in ka fita bayan gari ka yi sa'a za ka ga koren hasken nan na arewa yana motsi a sama. Ranar Juma'a ka je babban masallacin da ke titin Waverley, a can na fara haɗuwa da Hausawa. Ga azumi ma a 'yan shekarun nan cikin sanyi yake faɗowa, yini gajere ba ƙishirwa.

Ɗan Fagge:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta wa Hajiya hankalinta ya ɗan kwanta. Tambaya ɗaya ta rage, da gaske ne waya na mutuwa a sanyi? Don da ita zan riƙa duba lokacin bas.

Na Pembina:
Da gaske ne, batir na iya faɗuwa lokaci guda ko da caji a ciki. Ka riƙa sa ta a aljihun ciki kusa da ƙirji, kuma ka duba lokacin bas tun kana ɗaki sai ya kusa ka fito. In ranar tahowarka ta tabbata ka sanar da mu a nan, akwai tsohuwar jaket ɗina da za ta riƙe ka satin farko in sha Allah.