'Yata ba ta jituwa da ƙwai, likita ya ce a gwada mata kek: ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. 'Yata tana da shekara biyu da 'yan watanni. Tun tana wata takwas muka gano jikinta ba ya karɓar ƙwai. Ranar da na fara ba ta soyayye, ko rabin cokali ba ta ci ba gefen bakinta ya yi jajir, borin jini ya feso mata a fuska da wuya, fatar idonta ɗaya ta kumbura. Aka yi mata gwajin fata a asibiti, aka ce alajin ƙwai ne, a nisanta ta da shi. Tun daga ranar ko biskit ba na saya sai na karanta rubutun jikin ledar.

Da muka koma wajen likita watannin baya, sai ya ce lokaci ya yi da za a gwada mata ƙwan da aka gasa cikin fulawa, irin kek, wai kuma zan iya farawa a gida. Na ce masa to, amma har yau hannuna ya kasa. A tunanina ƙwai ai ƙwai ne, me zai raba na kek da na kasko? Kakarta kuma cewa take a bar wahalar kek, a riƙa gutsura mata dafaffe kaɗan-kaɗan kullum har jikinta ya saba. Ni dai na rasa wadda zan kama.

Uwar 'ya'ya uku:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ɗana na biyu haka ya yi, kuma da kek ɗin muka fara. Ranar farko abin da na ba shi bai fi ƙwayar shinkafa ba, na zauna na zuba masa ido, shi kuwa yana ta wasansa da murfin tukunya. Washegari na ƙara ya kai kamar ƙwayar wake, a hankali har ya zamo yana cinye ƙaramin kek guda. Yanzu yana firamare, dafaffen ƙwai yake ci lafiya lau. Amma fa maganar Kaka ki ba ta haƙuri cikin ladabi. Dafaffen ƙwai ba matakin farko ba ne, sai an yi nisa ake zuwa gare shi.

Wani uba:
Ni a ganina ki bar shi kawai. Yarinya tana zaune lafiya ba ƙwai, me ya yi zafi? Abinci ya ƙare ne a duniya? Ɗan ƙanwata gyaɗa ce ta kusa halaka shi, na ga yadda numfashinsa ya sarƙe a mota kafin mu isa asibiti. Wanda ya ga wannan ba zai ce a yi gwaji da yaro ba.

Ma'aikaciyar jinya a sashen yara:
Yallaɓai, tsoronka yana kan hanya, kuma Allah ya ƙara kiyayewa. Sai dai ƙwai da gyaɗa ba halinsu ɗaya ba. Alajin gyaɗa yakan zauna wa yawancin masu shi har girma, gasawa kuma ba ta rage masa ƙarfi. Na ƙwai kuwa yawancin yara suna rabuwa da shi yayin da suke tasowa.

Maman yarinya, ga amsar tambayarki. Abin da jikinta ke faɗa da shi furotin ne, akasari na cikin farin ƙwai, ba gwaiduwa ba. Manyan biyu su ne obalbumin da obomukoid. Na farkon shi ya fi yawa, amma ba ya jure wuta: idan ya daɗe cikin zafi siffarsa takan sauya, har garkuwar jiki ta kasa gane shi. Na biyun yana jure zafi sosai, to a nan fulawa ke yin nata aikin, don idan aka gasa su tare yakan ɗaure da furotin na alkama, abin da jiki zai ci karo da shi ya ragu. Shi ya sa kek daban, dafaffen ƙwai daban. Dafaffen ba fulawa a tare da shi, zafin tafasasshen ruwa kuma digiri 100 ne kacal na 'yan mintuna.

Wani bincike na asibitin Mount Sinai da ke New York, wanda aka wallafa a 2008, ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yaran da ke da alajin ƙwai sun ci wanda aka gasa sosai ba abin da ya same su. Ki lura da ragowar ma: kusan uku cikin goma jikinsu bai karɓa ba, a cikinsu har da waɗanda sai da aka yi wa allurar gaggawa. Don haka tambayar ba ta tsaya a kan a gwada ko kar a gwada ba. A ina za a gwada, gida ko asibiti?

Gida na yaron da abin ya tsaya masa a fata ne kawai, kamar yadda kika bayyana. Wanda ya taɓa yin tari, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar ko jikinsa ya saki bayan cin ƙwai, ko wanda ɗan ɓurɓushi kawai ya tayar masa da abin, ko mai asma da ba ta lafa ba, wannan a gaban likita ake ba shi loma ta farko. Ki faɗa mini, ƙirjinta lafiya?

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Anti, yau na fahimci bambancin. Ranar da ta ci ƙwan ba ta yi tari ba, numfashinta ƙalau. Amma bayan mun ga likitan alajin ne ta yi wata mura mai ƙarfi, ƙirjinta ya riƙa yin ƙara kamar fito, har wani likitan ya rubuta mata maganin shaƙa. Yanzu ma idan sanyi ya kama ta sai mun shaƙa mata, wani lokacin cikin dare. Shi likitan alajin bai san da wannan ba tunda daga baya ya faru.

Ma'aikaciyar jinya a sashen yara:
To ki dakata da kek ɗin tukuna. Izinin da ya ba ki, ya ba da shi ne a kan yarinyar da ƙirjinta bai taɓa yin ƙara ba. Ki koma ki gaya masa komai: yaushe ya fara, sau nawa kuke shaƙa mata a mako, tana farkawa da tari ko a'a. Yaron da hanyar numfashinsa ta riga ta ƙuntata, idan alaji ya taso masa a nan yake fi yin ɓarna. Mai yiwuwa ya ce a fara daidaita ƙirjin, ko a yi gwajin a asibiti inda akwai adiranalin, wato allurar gaggawa ta alaji mai tsanani, a kusa. Shi zai yanke, ba mu ba.

Kuma ko a ina aka yi, ki riƙe waɗannan. Ranar da take garau ake yi, ba zazzaɓi, ba mura, ba gudawa, fatarta ba ta tashi ba. Da safe, don ki samu wuni kina kallonta, kuma awa biyun farko kada ki matsa. Kar a ba ta maganin borin jini kafin ta ci wai don rigakafi, zai ɓoye alamun da ake son gani. Idan ma tana shansa, ki tambayi likita kwana nawa za a dakatar kafin ranar. Idan 'yan ƙuraje suka fito ko leɓe ya ɗan tasa, a tsaya da ciyarwa, a ba ta maganin da likita ya rubuta, irin su setirizin, a sanar da shi. Amma tari da ya ƙi tsayawa, sauyin murya, kumburin harshe, numfashi da ƙyar, ko ta yi fari fat ta langaɓe, wannan setirizin ba ya maganinsa. Adiranalin ake yi a gefen cinya nan take idan an ba ku allurar, sannan a garzaya asibiti ko da ta ware.

Wata kaka:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki yi. Ki samu surukarki ki zaunar da ita, ki ce likita ne ya tsara, mataki-mataki ne, nata dafaffen ma yana nan tafe. Mu tsofaffi ba mugunta ke sa mu faɗi haka ba, ganin jika tana kallon 'yan uwanta suna ci ne ke damun mu. Kada ki bar ta cikin duhu, don wanda bai gane dalili ba shi ke ba yaro a ɓoye.

Mai sana'ar gashin kek:
Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani, don ko a asibiti za a yi, sau da yawa uwa ake cewa ta gaso ta kawo. Ki karɓi ma'auni a rubuce daga wajensu, saboda ya bambanta: wasu ƙwai ɗaya suke rabawa a ƙananan kek takwas, wasu biyu a shida. Kada ki ƙara ƙwai don ya yi laushi. Ki kunna obin ya yi zafi tukuna, digiri 180, a gasa minti 20 zuwa 30 gwargwadon abin da suka rubuta. Ƙanana za ki yi a gwangwanin kof, ba babba guda ba, don babban kek gefensa kan ƙone tsakiyarsa na nan da danshi, kuma wannan danshin ƙwai ne da bai gasu ba. Ki soka tsinke a tsakiya ya fito a bushe, ki kuma raba ɗaya biyu ki duba da idonki. Kar ki shafa ƙwai a sama don sheƙi, kar ki yi a tukunyar turara ko maikurowef. Kwanon kwaɓin da cokalin ki wanke su nan da nan, yara na son lasar kwaɓi, shi kuwa ɗanyen ƙwai ne zalla.

Uwar 'ya'ya uku:
Abin da ba a faɗa ba shi ne bayan an yi nasara. Idan jikinta ya karɓa, ba a ajiyewa sai ranar biki. Mu an ce mu riƙa ba shi sau biyu zuwa uku a mako, sai na riƙa gasa da yawa ina sa wa a firiza. Mun yi watanni a haka kafin likita ya ce mu hau mataki na gaba, wato fanke irin na kasko mai ƙwai, sannan dafaffe da ya dahu tauri, sannan soyayye. Mai ruwa-ruwa da mayonis na gida su ne na ƙarshe. Yaro na iya zama a mataki ɗaya shekara guda, ba tsere ba ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira asibitin, sun ce kada in fara, in kawo ta da maganin shaƙar su duba. Saura abu biyu: wata maƙwabciyata ta ce ƙwan salwa ko na agwagwa ba ya yin alaji, gaskiya ne? Sannan allurar rigakafi fa, na ji an ce wasu da ƙwai ake haɗa su.

Ma'aikaciyar jinya a sashen yara:
Ba gaskiya ba ne. Furotin na ƙwan agwagwa, salwa, zabo da talo-talo ya yi kama da na kaza ƙwarai, yawancin masu alajin ɗaya suna yi da sauran, don haka duka ki ɗauke su abu guda. Naman kaza kuwa akasarin waɗannan yaran suna cin sa ba matsala.

Rigakafin ƙyanda ana yi wa masu alajin ƙwai kamar kowa, kada ki fasa mata. Wadda ake taka-tsantsan da ita ita ce ta zazzaɓin shawara, don a cikin ƙwai ake renon ƙwayar da ake haɗa ta. Idan ba a riga an yi mata ba, ki sanar da masu allurar kafin su yi, ki kuma sa shi cikin tambayoyin da za ki yi wa likitan ranar da za ku je.